Shekarar da Na Ce Ban Gani Ba

Ban yi niyyar sa wannan babi a cikin tarihin nan ba. Na so in tsallake shi in wuce, sai ga jikata Maryama ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai wata yarinya ta kira ta jikar mai azumin ranar Idi. Yarinyar da ta faɗa mata haka ko yaye ta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, to a ina ta ji in ba a bakin iyayenta ba? Ke nan har yau ana tauna sunana a tsakar gidajen garin nan ana miƙa wa yara. Tun da haka ne, ku 'ya'yana da jikokina, ku zauna ku ji daga bakin mai abin. Ba afuwar kowa nake nema ba, don ban yi wa kowa laifi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina a ɓace yake nake rubutun nan.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, dab da iyaka, in akuya ta ɓace sai a tsallaka Nijar nemanta. Yamma da gari akwai doguwar jigawa, tudun yashi ne da babu bishiyar da ke tare ido, nan ake hawa duban wata tun kaka da kakanni. Mahaifina ne mai duban watan gari, da ƙarfinsa ya ƙare na gaje shi, don Allah Ya ba ni ido irin nasa. Aiki ne da ko goro ba a bayarwa a kansa. Ran ashirin da tara ga wata, in rana ta yi sanyi, sai in hau jigawa tare da duk wanda ya ga dama. In na hango jinjirin wata sai in nuna wa na kusa da ni, mu sauko gidan Bulama, wato mai garinmu, shi kuma ya kai ni gaban hakimi in yi rantsuwa, daga nan labari ya yi gaba. Tun gemuna yana baƙi nake wannan aiki har ya yi fari, ba a taɓa mayar da shaidata ba. Wasiyyar da mahaifina ya bar mini a kan aikin guda ce, in ban gani ba in ce ban gani ba, ko da mutanen gari duka za su yi fushi.

Sa'adatu ce ta jawo mini abin da ake zagina da shi, Allah Ya yi mata albarka. Ita ce babbar 'yata, malamar makaranta ce a Gumel. Wata ranar Juma'a ta zo gida ta karɓi wayata ta yi 'yan danne-danne, ta miƙo mini.

"Baba, ga abin da zai ɗebe maka kewa a gona. Shiri ne na sauraro, kamar na rediyo, sai dai a waya ake sauke shi, ka ji duk lokacin da ka so. Fodkas ake ce masa. Labarin sama kawai suke bayarwa."

"Labarin sama?" na ce. "Su wa suka je suka dawo?"

"Ka dai saurara, Baba. In ƙarya suke ai kai ne za ka fara kama su."

Da niyyar kama su kuwa na fara ji. Mutum biyu ne, saurayi da wata mace mai murya a natse, da Hausa tsantsa suke magana, kowane mako su kawo abin da masana sararin samaniya suka gano. Yau a ce an harba kumbo zuwa wata duniya mai jan ƙasa, gobe a ce wata babbar na'urar hangen nesa ta ɗauko hoton taurarin da ido bai taɓa kai wa ba. Da yake wayata a garinmu rabin lokaci sabis ɗin Nijar take kamawa, Sa'adatu ce ke sauke mini a Gumel ta aiko da memori ta hannun masu mota. Ina cirar riɗi ina ji, ina saƙar igiyar da nake kai wa kara, wajen masu sayar da dabbobi, ran kasuwar Maigatari ina ji, ina kuma yi musu gardama da ƙarfi kamar suna gabana. Ran da suka ce Zara da ke fitowa da magariba da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, sai da na kashe wayar don haushi. Na yi watanni ina lura, na ga lokacin da Zara ta ɓace daga yamma, bayan 'yan kwanaki Gamzaki ya ɓullo a gabas, kuma ban taɓa ganinsu a lokaci guda ba. Wata rana suka ce bayan sallar magariba wani haske zai ratsa sama daga yamma zuwa gabas ba ya ƙiftawa, wai tasha ce da mutane ke zaune a ciki. Na fito ƙofar gida na tsaya, sai ga shi yana tafiya a hankali. Na kira Innarku ta gani, ta ce ita dai in mutane ne a ciki Allah Ya sauko da su lafiya, ta koma wajen tukunyarta.

Ku lura da wannan, don shi ne abin da masu zagina ba su taɓa faɗa ba. Duk ran da yaran nan suka yi maganar jinjirin wata, sai sun ƙara da cewa lissafinsu ba ya maye gurbin gani, a fita a duba, a kuma jira sanarwar shugabanni. Ni ma ban taɓa fasa hawa jigawa don waya ta ce kaza ba. Abin da shirin ya ƙara mini shi ne sanin dalilin abin da na daɗe ina gani da idona.

Yanzu sai in kawo muku Malam Garba, Allah Ya jiƙansa. Abokina ne tun muna kiwon awaki, tare aka yi mana kaciya, shi ya yi mini abokin ango ni na yi masa. Kullum tare muke hawa jigawa, kullum ni ke fara gani in nuna masa. Yakan yi dariya ya ce wata rana sai ya riga ni ko da sau ɗaya ne kafin ya mutu. Shekara guda kafin abin ya faru, yanar ido ta fara rufe masa gani. Ba wanda ya sani sai ni, don ni na raka shi asibitin ido a ɓoye, muka ce wa mutane gaisuwar mutuwa za mu Gagarawa. Likita ya ce sai an yi aiki, Garba ya ji tsoron wuƙa ya ƙi. A mota muna dawowa ya riƙe hannuna ya ce in rufa masa asiri, kada a mayar da shi abin tausayi a majalisa. Na yi masa alkawari. Daga nan in muna tafiya nakan ɗan riga shi in yi gyaran murya a wajen rami, shi kuma ya bi sawuna, ba mai ganewa.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo. Zafi ne irin wanda ko tsuntsu ba ya tashi da azahar, mutane sun jigata, kowa ya ƙosa. Ga kuma 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun riga mu ɗauka da kwana guda, su sun cika talatin, gobe Sallarsu babu makawa. Rabin gidajen garinmu kuwa akwai suruki ko ƙane a can. Tun da rana mata suka fara surfe, tela ya kasa ɗaga kai daga keke, zukata duk sun riga sun yi Sallah. A makon nan shirin ya yi bayani cewa a yammacin ashirin da tara wata zai faɗi kusan tare da rana, da wuya ido ya kama shi a ƙasarmu, amma dai a fita a duba. Ban faɗa wa kowa ba sai Garba, muna hanyar jigawa, kamar yadda mutum ke hira da amininsa.

"Yaran nan sun ce yau da wuya," na ce masa.

"Kai da yaranka na cikin waya," ya ce yana dariya. "Allah ne mai tsayar da wata, Haladu."

"Shi ne kuwa. Shi ya sa ka ga muna hawa."

Ban taɓa ganin taro a kan jigawa irin na ran nan ba. Rana ta faɗi, sama garau sai wasu siraran gizagizai ja can ƙasa. Na kafa ido inda ya kamata, na bi gefen sama a hankali kamar yadda mahaifina ya koya mini, na koma na sake bi, har idona ya kawo ruwa. Babu komai. Can sai na ji murya a gefena, muryar da na sani fiye da tawa.

"Ga shi can! Wallahi ga shi can!"

Garba ne, ya miƙa sanda yana nuna wani ɗan gajimare da ya lanƙwashe. Wani direba mai suna Sabo, wanda ya kwana a tsallake ya dawo da labarin Sallarsu a baki, ya yi tsalle ya ce shi ma ya gani. Kafin in buɗe baki kabbara ta ɗauka, samari suka zuba a guje suna shela, ba wanda ya tsaya ya ce a nuna masa. Na bi sandar Garba da ido na ga gajimaren yana wargajewa a gabana.

A zauren Bulama aka taru bayan an sha ruwa. Bulama ya san hakimi ba zai karɓi shaidar Garba da Sabo ba sai da tawa, don haka ya juyo gare ni fuskarsa a sake.

"Malam Haladu, Alhamdu lillahi. Sai ka shirya mu tafi, ga mota."

"Ranka ya daɗe, ni ban gani ba."

"Ai mutum biyu sun gani. Kai dai ka je ka ƙarfafa su."

"Ranka ya daɗe, in na je rantsuwa za a ba ni. Da me zan rantse? Na duba iyakar dubawata, ban gani ba."

Sai Garba ya gyara zama, ko kallon inda nake bai yi ba, ya ce:

"Allah Ya ja zamanin Bulama, ai tun kafin mu hau tudu ya riga ya gaya mini ba za a gani ba. Wayarsa ce ta faɗa masa. Wanda ya hau da wannan a zuciya ina zai gani?"

Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai in ji ƙirjina ya yi zafi. Hirar da na yi da shi mu biyu ita ya ɗauko ya buga ni da ita a bainar jama'a. Zaure ya kaure, wannan ya ce na sayar da idona ga Nasara, wancan ya ce ina da'awar sanin gaibu, wani yaro da na halarci sunansa ya ce dama tsufa ya fara taɓa ni. Ni kuwa amsar tana kan harshena. Abin da kawai zan yi shi ne in ɗaga yatsu daga bakin ƙofa in ce Garba ya faɗi nawa ne, magana ta ƙare. Na dube shi yana zaune ya riƙe sanda da hannu biyu, na tuna motar nan da alkawarin da na yi. Na haɗiye. Na ce wa Bulama Allah Ya ba shi haƙuri, na ɗauki takalmana na fita. Wannan shi ne abin da ba wanda ya sani sai Innarku, yau ga shi na rubuta.

Da yake ban je ba, Bulama bai ma kai maganar gaban hakimi ba. Bayan lisha rediyo ta sanar ba a ga wata ba, a cika talatin. Amma Bulama ya riga ya ji kunyar janyewa, ya ce shi ga shaidu biyu a garinsa, ga 'yan'uwa a tsallake, gobe Idi. Na tarar da Innarku a tsakar gida ta tasa ƙullun waina a gaba.

"Malam, an ce ka ƙi."

"Ban ƙi ba. Ban gani ba ne."

"To ni ƙullun nan fa? Shi ma sai ya cika talatin?"

"Ki yi yadda kika ga dama, Hajiya. Ba zan tilasta wa kowa ba."

Ta rufe ƙullun da faifai.

"Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin ka ce ka gani ba ka gani ba. In tashe ka sahur da tuwo ko da fura?"

Haka muka wayi gari, ganga na tashi, kabbara na wucewa ta ƙofar gidanmu, mu muna azumi. Ku duba fa, a ranar nan Gumel na azumi, Maigatari na azumi, Sule Tankarkar na azumi, amma ni ne aka ce na yi azumi ranar Idi! Da magariba jinjiri ya tsaya sarai, kowa ya gani har da mai ciwon ido. Na zaci magana ta mutu, ashe yanzu ta fara. Suka taru a ƙofar masallaci suna nunawa, wai dubi girmansa, dubi tsayinsa, ai wannan ɗan kwana biyu ne. Na ce musu jinjirin da ya kwana bai bayyana ba dole ya fito da ɗan kauri, ni da ubana mun sha ganin haka tun ba a ƙera waya ba. Ina! Wanda ya riga ya ci tuwon Sallah ba ya son a ce masa akwai ramuwa a wuyansa.

Washegari na hau babur na je Maigatari na yi Idi cikin jama'a. Innarku ta soya wainarta, ta yi tuwo da miyar taushe, ta zuba a kwanuka ta aika gidajen maƙwabta kamar yadda take yi kowace Sallah. Ɗaya bayan ɗaya kwanukan suka dawo a rufe, ba a ko taɓa ba. Wata ta aiko a ce su sun riga sun yi tasu, wata ko saƙo babu. Na gidan Garba ne ya dawo na ƙarshe. Matar da ta yi wa rabin matan unguwar nan wankan jego ta zauna a bakin murhu ta jera kwanuka a gabanta tana share hawaye da gefen zane. Ni an zage ni na daure, amma wannan ban yafe ba, kuma ban ga ranar da zan yafe ba. Me ta yi musu?

Daga nan Bulama ya ba wani duban wata. Majalisar da nake zama tun ina saurayi ta zama in na iso sai hira ta mutu. Sa'adatu ta zo tana kuka, wai ita ta jawo, bari ta goge shirin. Na ce in ta taɓa shi sai mun ɓata. Na ci gaba da ji, har na ƙara sauti don masu wucewa su ji da kyau.

Garba kuwa idon ya ƙarasa rufewa, asirin da na rufa masa ya tonu da kansa. Kuna tsammanin wani ya ce, ashe mutumin da ya nuna mana wata ba ya gani? Ko ɗaya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi ya aiko a kira ni, na je, don zumuncin yarinta ba ya goguwa da rana ɗaya. Ya sa kowa ya fita, ya lalubo hannuna.

"Haladu, ran nan wani fari-fari na gani. Na so ne in riga ka sau ɗaya."

"Na sani, Garba."

"Me ya hana ka tona ni?"

"Ai ka ce in rufa."

Ya yi kuka, ni ma na yi. Na yafe masa tsakanina da Allah, kuma ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Sai dai a zaure cike da mutane ya ɓata ni, a ɗaki mu biyu ya wanke ni. Ban roƙe shi ya maimaita a gaban jama'a ba, shi ma bai yi ba.

Bara, dab da azumi, sai ga ɗan Bulama da dattawa uku a ƙofar gidana. Wanda aka ba aikin ya kai shaida sau biyu ana mayarwa, gari ya zama abin dariya a gaban hakimi. Abin da ya fi ba ni haushi, samarin da suka rako su kowanne da waya a hannu, shirin nan da aka zage ni a kansa shi suke ji, har wani yana ba ni labarin Zara da Gamzaki. Bayan gaisuwa ɗan Bulama ya sunkuyar da kai.

"Baba, abin da ya wuce ya wuce. Gari na bukatar idonka. Shaidarka kaɗai ake karɓa ba a yi musu."

"A gaban wa ya wuce?" na ce. "An tara mutane an ce Haladu bai yi ƙarya ba? An je an ba Hajiya haƙurin kwanukanta?"

Ba su yi ko ɗaya ba. Duk da haka ran ashirin da tara na ɗauki sanda na hau jigawa, don aikin na mahaifina ne, ba na Bulama ba. Suka kewaye ni suna jira. Na ɗaga kai na duba yamma, sai na ga sama ta zama hazo-hazo, inda rana ta faɗi da inda ƙasa ta fara duk sun haɗe. Shekarun da aka bar ni a gida sun tafi da idon. Wani ya ce ga shi can, wani ya ce lalle shi ne, waya ma ta ce yau za a iya gani. Ɗan Bulama ya matso kusa da kunnena.

"Baba, kowa ya gani. Ka ce ka gani mu sauka."

Na san yana nan. Lissafi ya ce yana nan, samari masu lafiyar ido sun ce yana nan, zuciyata ma ta ce yana nan. Na ce masa ya ɗauki waɗanda suka gani ya kai su su rantse, Allah Ya sa a karɓa, ni dai ban gani ba.

To Maryama, ki share hawayenki. Gobe in yarinyar nan ta sake kiran ki jikar mai azumin ranar Idi, kada ki yi faɗa da ita. Ki ce ta je ta tambayi kakanta ko ya rama azumin ran nan.